Gidan gem a gefen titin Haɗejia: yadda aka canja wa PS4 haddis ba a ƙara mata wuri ba

A wani ƙauye tsakanin Ringim da Gujungu, a gefen titin da ya taso daga Kano ya nufi Haɗejia, akwai shagon cajin waya da aka yi wa rumfar kwano ta baya. Da daddare rumfar gidan kallon ƙwallo ce. Daga hantsi zuwa magariba kuwa, in aka ɗebe lokutan sallah, gidan gem ce: talabijin ɗaya, benci biyu, na'urar gem PlayStation 4 (PS4) ɗaya da hannun bugawa huɗu, biyu a hannun masu bugawa, biyu a caji. Mai wurin manomin riɗi da shinkafa ne, bai taɓa ɗaukar hannun gem da niyyar bugawa ba. Ɗan ƙanwarsa da ya gama sakandare shi ke karɓar kuɗi, shi ke raba faɗa, shi ne kuma injiniyan wurin. Zan kira su Kawu da yaron, don haka kowa ke kiransu a can.

Na'urar tasu ta hannu ce, irin wadda ake shigowa da ita daga Turai bayan wani ya more ta. Samfurin farko ne, wanda Sony ya fitar a Nuwamban 2013, mai rabin baya mai sheƙi. A cikinta akwai haddis, wato ma'ajiyar da gem ke zama a ciki, mai 500GB, irin na laftof, mai faɗin inci 2.5. A takarda 500GB ne, amma abin da mai ita zai iya amfani da shi bai wuce kamar 408GB ba, saura manhajar na'urar ta riƙe abinta. A 2013 wannan wuri ne mai yawa. Yanzu gem ɗin ƙwallo ɗaya yana cin 40 zuwa 50GB, manyan irin su Red Dead Redemption 2 kuma suna kaiwa 100GB.

Maganar ta iso kunnen Kawu ne da kakar 2023. A ƙarshen Satumban shekarar aka fitar da EA Sports FC 24, wanda ya maye gurbin FIFA, ko da yake yaran ƙauyen har yau FIFA suke ce masa. Kaka ce, an fara sayar da riɗi, samari suna da 'yan kuɗi a aljihu, kuma wani gidan gem a garin da ke gaba ya riga ya sa sabon. Yaron ya yi tattaki ya sayo faifan. Ya zura, na'ura ta ce babu wuri. Ya gaya wa Kawu memori ya cika. Kawu ya ce, "To a sayo babba mana." Da an bi wannan maganar yadda take, da an sayo babba, an ɗaura, kuma da ba a taɓa sanin abin da ya kashe tsohon ba.

Ciwo biyu da aka ɗauka ɗaya ne

Tun kafin zancen wuri, na'urar ta yi watanni tana nuna alamu. Lodin ya yi tsawo. Ana tsakiyar wasa sai hoto ya daskare, muryar mai sharhi ta ci gaba ita kaɗai na ɗan lokaci, sannan a jefo mutum waje da lambar kuskure. Idan rumfar ta yi tsit, wanda ya kara kunne a gefen hagu na na'urar zai ji wani ƙas-ƙas a hankali, ya tsaya, ya dawo. A gidan gem daskarewa ba ƙaramar fitina ba ce. Yaro ya biya, yana gaba da ci biyu, saura minti goma a tashi, sai komai ya tsaya. Shi yana cewa a ba shi nasara, abokin karawarsa yana cewa a sake daga farko, na bayansu a layi suna cewa lokacinsu ne. Yawanci yaron sai ya ba da wasa kyauta a zauna lafiya, kuma wannan asara ce da ba ta shiga lissafin Kawu.

Da aka kai ta wurin wani mai gyaran waya da laftof a Ringim, shi ne ya raba zaren. Cikar rumbu daban, gara ta ci gindin rumbu daban. Haddis ɗin ya cika, gaskiya ne, amma kuma yana mutuwa, kuma cikar ba ita ke kashe shi ba.

Cikar ba ta da wuyar fahimta. Da suka duba, gem goma sha wani abu ne a ciki, fiye da rabi ba wanda ya taɓa su tun da aka sayo na'urar. Ga FIFA na shekarun baya har uku a jere. Ga kuma bidiyoyin da yara suka tara ba da saninsu ba: a hannun PS4 akwai maɓallin Share, yana ajiye bidiyon abin da aka buga har na minti 15 in ba a canja saitinsa ba, kuma duk wanda ya ci ƙwallo mai kyau sai ya danna. Sannan PS4 tana da wata ɗabi'a, idan za ta sabunta gem takan buƙaci fili mai yawa don ta kwafe shi tukuna, shi ya sa mutum zai ga saura 30GB amma ta ƙi karɓar sabuntawar da ba ta kai rabin haka ba. Duk wannan gogewa ce maganinsa, ba saye ba.

Mutuwar ita ce babbar magana. A cikin haddis akwai faifai mai juyawa sau 5,400 a minti, wato sau 90 a daƙiƙa ɗaya, da wani ɗan hannu mai kai siriri da ke shawagi a kansa ba ya taɓa shi, yana karatu yana rubutu. Abu biyu ne manyan maƙiyansa: girgiza yana tsakiyar juyawa, da yankewar wuta yana tsakiyar rubutu. Duka biyun a rumfar nan abincin yau da kullum ne. Na'urar a kan teburin katako take, kusa da benci, duk cin ƙwallo sai an yi tsalle, wani lokaci a ja wayar caji ta motsa. Wutar layi kuwa takan yi kwanaki ba a gan ta ba. Solar shagon ta wayoyi ce, ba ta ɗaukar talabijin da gem. Saura ƙaramin janareto. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, Kawu ya koma zuba mai da awo, lita ɗaya ko ɗaya da rabi, sai ya ƙare a ƙaro. Ma'ana kusan kullum janareto ne ke kashe PS4, ba mutum ba. Kowace safiya idan aka kunna, sai ta fara da gargaɗin cewa ba a kashe ta yadda ya kamata ba, ta tsaya tana duba ma'ajiyarta. Yaron ya saba da wannan allon har ya ɗauka haka ake kunna ta.

Mai gyaran ya gwada abin da ake fara gwadawa. Ya shiga Safe Mode, wato allon gyara na musamman da na'urar ke da shi, ya zaɓi na 5 a jerin, wanda ke sake tsara jerin abin da ke cikin haddis ba tare da goge komai ba. A lafiyayyen haddis wannan ba ya daɗewa sosai. Nasu ya ja lokaci, ya gama, aka buga wasa biyu lafiya, na uku ya daskare. Daga nan ya daina shakka.

Akwai ciwo na uku da ya kamata a ware, don mutane suna haɗa shi da haddis: ƙarar fanka. Tasu tana kuka har ana ji daga bakin titi. Wannan ƙurar hunturu ce ta shekaru da ta toshe hanyar iska, babu ruwan haddis. Sai dai zafin da take tarawa yana ƙara masa wahala, ballantana a bazarar Jigawa da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano.

Gardamar abin da za a saya

Kawu yana son 2TB, don a ganinsa kuɗi ya kamata a ga abin da suka sayo. Yaron yana son SSD, wato ma'ajiyar da ke aikin haddis amma ba faifai mai juyawa a cikinta, don ya ga bidiyoyi a waya ana nuna saurinsa. Wani abokinsa ya ce a bar wahalar kwance noti, a sayi na waje a jona.

Na wajen shi aka fara yarwa. Tun sabuntawar 4.50 ta Maris 2017, PS4 tana karɓar haddis na waje a sa gem a kai, muddin USB 3.0 ne kuma girmansa tsakanin 250GB da 8TB. Ga wanda matsalarsa wuri ce kawai, wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Amma manhajar na'urar da duk ajiyar wasanni a na ciki suke zama, ko an jona na waje. In na ciki yana mutuwa, an yi gini ne a kan rami. Ga shi samfurin farko ƙofar USB biyu kacal gare shi, duka a gaba, kuma a nan ake cajin hannu. Haddis ɗin waje dole a jona shi kai tsaye, ba ta mahaɗa mai ƙofofi da yawa ba. To ƙofa ɗaya ta tafi, ga kuma wani akwati mai juyawa yana reto a gaban yara ashirin.

Saura tsakanin babban haddis da ƙaramin SSD, don a kuɗin da Kawu ya ware, ko dai a sami mai juyawa mai 1TB zuwa 2TB, ko SSD mai 500GB. Mai gyaran bai yi dogon bayani ba. Ya ce da yaron, "Ƙanena, lissafa min gem ɗin da aka biya ka kuɗi a kansu a watan nan." Yaron ya lissafa: FIFA, PES 2021 (shi ma na ƙwallo ne), Mortal Kombat, sai GTA V da ƙananan yara ke biya su yi tuƙi. Huɗu. Daga cikin huɗun ma ƙwallo ce kusan duk cinikin. Ko an tara su gaba ɗaya ba su cika 300GB ba.

A ganina nan ne aka yanke hukuncin da ya dace, kuma ba don sauri ba. Masu bidiyon intanet sauri suke tallatawa, amma PS4 ta farko da Slim ta 2016 duka bakin da ake jona haddis a cikinsu SATA II ne, wanda iyakarsa kamar 300MB a daƙiƙa, alhali SSD na SATA yana iya haura 500. PS4 Pro ce ke da SATA III. Wato a tsohuwar na'ura SSD ba zai sake jiki ya yi gudunsa ba, ko da yake duk da haka ya fi mai juyawa, wanda ke yawo a wajajen 100MB. Abin da ya sa SSD ya dace da rumfar nan shi ne babu abin da ke motsi a cikinsa. A yi tsalle, a bugi tebur, a ɗora na'urar a bayan babur zuwa Ringim, ba abin da zai karce. Mutumin birni mai wuta tsayayya da gem ashirin, 2TB ya fi masa amfani. Kawu ba shi ba ne.

Kano, da abin da ake dubawa kafin a biya

Yaron ya shiga motar Kano ya nufi titin Beirut, inda ake hada-hadar waya da kayan kwamfuta, da 'yar takarda a aljihu wadda mai gyaran ya rubuta masa. Dole inci 2.5, ba babban na kwamfutar tebur mai inci 3.5 ba. Dole SATA. Kaurinsa kada ya wuce milimita 9.5, wanda shi ya sa masu 4TB na laftof, masu kaurin milimita 15, ba sa shiga gurbin. Kada a karɓi siririn nan mai kama da ɗan rula da ake kira M.2, wannan na PS5 ne da sababbin laftof. Kada kuma a yarda da shawarar sayen na waje a fasa kwanson a ciro na ciki, domin wasu kamfanoni suna manne ƙofar USB a jikin haddis ɗin kansa, in ka fasa ba za ka tarar da bakin SATA ba, kuɗi sun tafi.

A shago na biyu aka miƙo masa mai juyawa 1TB da aka ciro daga tsohuwar laftof, a farashin da ya sa ya ji kamar ya canja shawara. Ya nemi a jona a kwamfuta a buɗe CrystalDiskInfo, wata ƙaramar manhaja kyauta da ke karanta rahoton da kowane haddis ke ajiyewa game da kansa: awa nawa ya yi yana aiki, sau nawa aka kunna shi, gurabe nawa suka lalace aka kauce musu. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi. Wannan ya fito rawaya. Mai shago ya ce ai duk na hannu haka suke nunawa. Araha ba ta ado, yaron ya yi godiya ya fita. Ya ƙare da SSD mai 500GB a kwalinsa, kaurin milimita 7, ya sa aka buɗe a gabansa aka jona, aka ga sunan da ke jikin kwalin shi ne wanda kwamfuta ta karanto, awannin aikinsa kuma sifili. Wannan dubawar ba ƙaƙale ba ce, don jabun SSD masu ɗauke da tambarin manyan kamfanoni sun cika kasuwa.

Da ya dawo ya nuna, Kawu ya juya abin a hannu, ba nauyi ko kaɗan, ya tambayi girmansa. Aka ce 500. Ya ce, "Ɗari biyar muka cire, ɗari biyar za mu mayar? To me na saya?" Sun kwana biyu ba sa doguwar magana.

Abin da ya tafi bai dawo ba

PS4 tana kulle abin da ke cikin haddis ɗinta da mabuɗin da ita kaɗai ta sani. Ba a cire shi a jona a kwamfuta a kwafe, ba a kuma mayar da shi wata PS4 ya yi aiki. Duk abin da za a tsira da shi, daga cikin na'urar za a fitar da shi tun tsohon yana ciki. Hanya biyu ce. Ko a yi cikakken kwafi na komai a wani haddis na waje ta wurin Back Up and Restore, ko a kwafe ajiyar wasanni kaɗai a filash.

Sun fara da cikakken. Mai gyaran ya ara musu haddis, aka sa. Ya yi nisa, ya iso inda faifan ya lalace, ya tsaya da kuskure. Aka rage gem aka sake, ya sake tsayawa. Da an yi wannan watanni uku baya, lokacin da daskarewa ta fara, da wataƙila ya wuce.

Sai aka koma filash, a nan kuma wata tsohuwar matsala ta ɓullo. Na'urar ta zo daga Turai da asusun mai ita na farko a ciki, da sunansa da hotonsa. Shi ne na farko a jeri, shi kowa ke dannawa. GTA V da ke ciki ba faifai ba ne, mutumin ne ya saya ta intanet da asusunsa. Kuma a ƙarƙashin sunan nasa ne manyan samarin ƙauyen suka yi shekara da wani abu suna gina ƙungiya a Master League na PES, suna karɓa-karɓa, kowa ya san ɗan wasan da shi ya sayo. Ajiyar PS4 tana ɗaure da asusun da aka yi ta a kai. Ko ka kwafe ta a filash, ba za ta koma ba sai an shiga da wannan asusun, shiga kuma sai da kalmar sirri, kalmar sirri kuma tana kan wani bawan Allah da ba wanda ya san ƙasarsu ma da tabbas. Yaron yana da nasa asusun da ya buɗe, da adireshin Ingila kamar yadda 'yan Najeriya da yawa ke yi tunda ba a sa Najeriya a jerin ƙasashen PlayStation Network, hidimar intanet ta Sony, ba. Abin da ke ƙarƙashin nasa ya tsira. Master League da GTA V kuwa, da aka zare tsohon haddis an yi sallama da su. Duk wanda ya sayi gem na hannu aka ce masa "da wasanni a ciki", ya kamata ya tambaya a asusun wa suke, don ranar canjin haddis ake biyan wannan kyautar.

Fayil ɗaya, tafiya biyu

Sabon haddis fanko yake zuwa, na'urar ba za ta tashi ba sai an sake ɗora mata manhajarta daga filash. A shafin Sony fayil biyu ne masu suna iri ɗaya, PS4UPDATE.PUP. Ɗaya ƙarami na sabuntawa, ɗaya babba na sake ɗorawa daga tushe, mai kusan 1GB. Babban ake so. A filash ɗin, wanda dole ya kasance FAT32 ko exFAT, sai a buɗe folda PS4, a cikinta a buɗe UPDATE, duka da manyan baƙaƙe, a ajiye fayil ɗin a ciki.

A rubuce layi uku ne. A ƙauyen da sabis ke zuwa yana tafiya, aikin yini ne. Yaron ba shi da laftof, da waya ya sauke, ya tura filash da 'yar wayar OTG mai haɗa waya da filash. Don tsimin data ya zaɓi ƙaramin, yana ganin ai suna ɗaya ne. Na'urar ta ƙi da lambar CE-34788-0, wato ba za ta iya amfani da wannan fayil ba. Ya hau babur zuwa Ringim inda sabis ya fi ƙarfi, ya sauko da babban. Ta sake ƙi, wannan karon da SU-41350-3, ba ta ga fayil ɗin ba. Dalili kuwa, tunda akwai na farko a wayar, sai ta raɗa wa na biyu suna da lamba 1 a ƙarshe don kada su yi karo. Aka goge ƙarin, sunan ya koma daidai, ta karɓa.

A nan akwai gargaɗi ga wasu gidajen gem, waɗanda na'urarsu aka yi mata hakin, wato aka karya makullinta don ta buga gem ba tare da faifai ba, aka bar ta a tsohuwar manhaja irin 9.00. PS4 ba ta komawa baya. Shafin Sony kuma na ƙarshe kawai yake bayarwa. Wanda ya ɗora shi ya haura ke nan har abada. Ta su Kawu ba irin wannan ba ce, da faifai suke aiki, don haka bai dame su ba.

Kwancewa da ɗaurawa

Wannan ne kowa ke tsoro, kuma shi ne bai kai minti goma ba. An kashe na'urar kashewa ta gaske, ba barcin nan mai wuta ruwan lemo ba, an jira fitilar ta mutu gaba ɗaya, an zare wayoyi. Mai gyaran ya ɗora tafukansa biyu a kan rabin bayan mai sheƙi ya tura shi hagu, ya zame. A ƙarƙashi akwai noti ɗaya mai ɗan faɗin kai, an zana masa alamomin nan huɗu na hannun gem, da'ira da gicciye da murabba'i da mai kusurwa uku. Shi kaɗai ke riƙe da tiren. Ya kwance shi da sukudireba mai bakin gicciye, ya jawo tiren waje, ga tsohon haddis da ƙura ja a jikinsa. Noti huɗu ne a gefuna, biyu kowane ɓangare, kowanne a cikin 'yar roba. Ya kwance notin ya bar robobin a gurbinsu, ya zuba su a murfin kwalba don kada su ɓace a cikin yashi. Ya zura SSD bakinsa yana kallon inda na tsohon ke kallo, ya ɗaure ba tare da matsewa da ƙarfi ba, ya tura tiren har ya zauna. Sony ya yi wurin ne don mai na'ura ya iya canjawa da kansa, ba a yanke wata takardar garanti. A Slim da Pro murfin yana ta baya ne, amma tsarin ɗaya.

Kafin a kunna, mai gyaran ya sa aka cika tankin janareto fal, abin da Kawu bai yi ba tun watan Mayu. Yankewar wuta a tsakiyar ɗora manhaja ita ce kaɗai hanyar da wannan aikin zai iya jawo ɓarnar da ta fi ta da. Aka jona hannu da waya, don a Safe Mode ba ya aiki sai da waya. Aka danne maɓallin kunnawa har ƙara ta biyu, kamar daƙiƙa bakwai, aka zaɓi na 7, mai sake ɗora manhajar daga filash, aka bar ta. Tana gamawa ta tashi kamar ranar da aka fitar da ita daga kwali.

Tunda an riga an buɗe aiki, washegari mai gyaran ya kwance gindin na'urar ya share fanka da hanyar iska. Abin da ya fito kamar an tatso daga tsohuwar katifa.

Bayan nan

An mayar da faifai ɗaya bayan ɗaya. An haɗa ta da intanet ɗin waya don yaron ya shiga asusunsa ya mayar da ajiyarsa, kuma nan take ta fara jan sabuntawar gem da kanta, har ta cinye masa data mai yawa kafin ya lura ya tsayar. Daga nan aka kashe saukewar kai-tsaye, aka raba ta da intanet. FC 24 ɗinsu yana nan da 'yan wasan da ya zo da su a faifai, kuma ba wanda ya yi ƙorafi sai lokacin da aka yi cinikin 'yan wasa a Janairu.

Daskarewa ta ƙare. Lodin ya ragu yadda ake gani, musamman tsakanin zaɓen ƙungiya da take wasa, kuma a wurin da ake biya a kan kowane wasa, wannan yana nufin layi yana tafiya. Hoto bai ƙara kyau ba ko kaɗan, wasu yara sun zaci zai ƙara. Dole har yanzu faifai ya kasance a ciki kafin gem ya tashi, don haka kula da karcewarsa yana nan. Kawu bai taɓa cewa an yi daidai ba, amma ya daina tambayar abin da ya saya tun da ya lura ba a kiransa daga gona a zo raba rigima. Tsohon haddis an sa shi a kwanso aka goge, kwamfuta ta nuna shi rawaya, yanzu mai tura finafinai a waya ne ke amfani da shi, da sanin cewa ko yaushe zai iya tafiya.

Abin da bai gyaru ba shi ne wuta. SSD ba ya tsoron girgiza, amma in aka yanke masa wuta yana rubutu, shi ma fayil yana lalacewa, kuma idan ya tashi mutuwa ba ya yin ƙas-ƙas ya ba da sanarwa. Ƙaramin UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta idan ta ɗauke, zai ba da 'yan mintunan da za a kashe na'urar da hannu, sai dai masu araha sukan ƙi wutar ƙaramin janareto saboda hawa da saukarta, su yi ta komawa batir har ya ƙare. Shawarar mai gyaran ita ce a ƙara batir da inbata a solar shagon, wadda za ta ɗauki talabijin da PS4 da ke jan fiye da wat 100 idan ana bugawa. Kawu ya ce sai an ga yadda shinkafar rani ta yi. Kafin nan yaron ya ja layi da fenti a jikin sandar da yake auna mai da ita, in mai ya iso layin ba a fara sabon wasa sai an ƙara. Samarin Master League kuma sun fara sabuwar ƙungiya, a asusun yaron, suna matsa masa a sayo gem ɗin kokawa. Zai ci wuri, amma mai gyaran ya ce kada a kawo masa zancen haddis na waje sai an sayi batirin.